Motocin Wasa na Ƙarfe: Daga Masana'antun Ingila Zuwa Tarauni

A shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin da kuɗin mai ya shigo kuma gine-gine suka fara cinye gonakin gefen titin Zariya, yaran Gyadi-Gyadi da Tarauni sun san motar wasa iri biyu. Akwai wadda yaro ke ƙerawa da hannunsa. Akwai kuma 'yar ƙarama ta ƙarfe, mai nauyi a tafin hannu, wadda ba kowane gida take shiga ba. Ko dai a sayo ta a manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis, ko ta zo cikin tsarabar wanda ya dawo daga karatu a Turai.

Asalinta daga Ingila ne. Kamfanin Meccano na Libaful ya fara fitar da Dinky a 1934. A 1953 kamfanin Lesney na Landan ya fito da Matchbox, wadda aka yi daidai girman kwalin ashana, kwalinta ma haka aka zana shi. Corgi ta biyo baya a 1956, tana taƙama da tagogin roba, domin motocin Dinky na lokacin ramuka ne kawai a mazaunin gilashi. Duka zubi ake yi. Ba irin zubin tukunyar sanholo da maƙeranmu ke yi a cikin ƙasa ba: narkakkiyar tutiya ce da aka gauraya da ɗan alminiyam, inji ya tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, a fitar da dubbai iri ɗaya.

Sai dai ba su taɓa zama iri ɗaya ba, kuma nan ne masu tara su a yau suke zuba ido. Matchbox ta farko tayarta ƙarfe ce. Daga baya aka koma tayar roba ruwan toka, sannan baƙa. Fenti kan ƙare ana tsakiyar aiki a ɗauko wanda ke kusa, mazubi kan tsage a gyara shi, gyaran ya bar 'yar alama a jikin mota. Saboda haka sai ka ga motoci biyu masu lamba ɗaya, ɗaya ba ta wuce kuɗin shayi ba, ɗayar kuwa sai a wajen gwanjon masu kuɗi, don kawai launinta bai daɗe ana yi ba. Mai sani yana karɓar mota juya ta yake yi. A cikinta aka rubuta sunan kamfani da lamba da ƙasar da aka ƙera ta.

A 1968 kamfanin Mattel na Amurka ya shigo da Hot Wheels mai siririn gatari, wadda turi ɗaya ke kai ta ƙarshen ɗaki. Dole Lesney ta sauya ƙafafun motocinta a 1969, ta kira su Superfast. Hakan bai hana rugujewa ba. Masana'antar Dinky ta Libaful ta rufe a 1979, Lesney ta karye a 1982, aka mayar da aikin Macau, daga baya Tailan da Sin. A 1997 Matchbox ta faɗa hannun Mattel ɗin da ta girgiza ta.

Mu ma a nan shekarun ba su yi mana daɗi ba. An taƙaita shigo da kaya, tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, manyan kantunan suka yi ta rufewa. Motar roba mai araha ta cika kasuwa.

Wadda ta fi riƙe unguwa a duk tsawon wannan lokaci ita ce ta hannu, kuma a ganina ita ta fi cancanta a rubuta tarihinta. Yaro zai fere kara, ya haɗa totuwa da tsinke ya tayar da babbar mota. Wani ya buɗe gwangwanin madara ya daddale shi da dutse, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya lanƙwasa waya ta zama doguwar sitiyari yadda zai tuƙa yana tsaye. Abin da ke wucewa a titi suke kwaikwaya: Fijo 504, wadda ta cika gari bayan an buɗe masana'antar haɗa ta a Kaduna a 1975, da motocin lodi masu fita ta Unguwa Uku. Kowane maƙeri da salonsa, har akan gane aikin yaro tun daga nesa. Babu lamba, babu kwali, babu wanda ya adana ko ɗaya, kuma wannan asara ce ta gaske.

Na ƙarfen ma ba su tsira ba. An yi wasa da su har fenti ya goge, gatari ya lanƙwashe, ragowar suka bi buhun 'yan jari bola aka auna su a sikeli. Waɗanda ake tsinta yanzu yawanci daga dilar gwanjo suke fitowa, a zube cikin tarin kayan wasan yara, kuma mai sayarwa kuɗi ɗaya yake yanka wa ta Sin ta bara da ta Ingila mai shekara sittin.