Ƙuri'a da Bindiga: Waiwaye a Kan Gwagwarmayar Baƙaƙen Fatar Amurka, 1865 zuwa 1968

1.0 Gabatarwa

Akwai muhawara iri biyu da suka daɗe suna raba kan mutanen Amurka. Ta farko ita ce wane ne ya cancanci jefa ƙuri'a, kuma bisa waɗanne sharuɗɗa. Ta biyu kuwa ita ce ko hukuma tana da ikon taƙaita mallakar bindiga, tun da gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya ambaci haƙƙin jama'a na ajiye makamai da ɗaukarsu. Galibi akan ɗauki waɗannan a matsayin batutuwa biyu masu zaman kansu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu nuna cewa a tarihin baƙaƙen fata tushensu ɗaya ne, watau tambayar wane ne cikakken ɗan ƙasa. Har ila yau za mu yi ƙoƙarin nuna cewa haƙƙin da aka rubuta a takarda, da bindigar da ke hannun mutum, ba su taɓa wadatar da mai rauni ba sai a lokutan da gwamnatin tarayya ta tsaya masa.

2.0 Kafin 'Yanta Bayi

Tun farkon kafa ƙasar an ɗaure makami da matsayin ɗan ƙasa. Dokar mayaƙan sa-kai ta 1792 ta wajabta wa kowane namiji lafiyayye, daga ɗan shekara 18 zuwa 45, ya shiga rundunar jiharsa ya kuma tanadi bindigarsa, amma fa dokar ta keɓe wannan ga farar fata kaɗai. A shari'ar Dred Scott ta 1857, Kotun Ƙoli ta yanke cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasar Amurka ba. Cikin hujjojin da Babban Joji Roger Taney ya kawo har da cewa, in aka yarda su 'yan ƙasa ne, tilas a bar su su faɗi albarkacin bakinsu, su yi taron siyasa, su kuma riƙe makamai duk inda suka tafi. Ke nan shi kansa mai hana haƙƙin ya gane cewa waɗannan haƙƙoƙi a jere suke tafiya.

3.0 Bayan Yaƙin Basasa

Yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya kawo ƙarshen bauta, kuma baƙaƙen fata kimanin 180,000 ne suka yi aikin soja a rundunar tarayya. Yaƙi na ƙarewa, sai jihohin kudu suka shiga kafa dokoki na musamman don mayar da 'yantattun bayi gidan jiya. A watan Nuwamba na 1865 jihar Misisifi ta haramta wa 'yantaccen bawa ajiye bindiga ko harsashi ko babbar wuƙa, sai in yana aikin soja ko ya sami lasisi daga hukumar gundumarsa. A lokaci guda kuma 'yan ta'adda irin su ƙungiyar Ku Klux Klan suka riƙa bin gidaje da dare suna ƙwace bindigogi suna dukan masu su.

Majalisar Dokoki ta Tarayya ba ta zuba ido ba. Dokar hukumar kula da 'yantattun bayi ta 1866 ta ambaci haƙƙin riƙe makami a fili cikin haƙƙoƙin da za a kare musu. Gyara na 14 a 1868 ya mai da duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa, gyara na 15 kuwa a 1870 ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fata. A shekarar ce Hiram Revels na Misisifi ya zama baƙar fata na farko a Majalisar Dattawa. Da ta'addanci ya ƙi lafawa, sai aka kafa dokokin tilasta bin waɗannan gyare-gyare a 1870 da 1871, har Shugaba Grant ya ba da ikon tsare mutane ba tare da an gurfanar da su nan take ba a gundumomi 9 na Karolaina ta Kudu. Wannan mataki ya karya lagon Klan na ɗan lokaci.

4.0 Waƙi'ar Colfax

Abin da ya auku a garin Colfax na jihar Luwiziyana shi ne ya fi bayyana manufarmu. An yi jayayya a kan sakamakon zaɓen 1872, kowane ɓangare yana cewa shi ya ci. Baƙaƙen fata suka ɗauki 'yan bindigoginsu suka taru a ginin kotun gunduma don kare waɗanda suka zaɓa. Ranar 13 ga Afirilu, 1873, taron farar fata ɗauke da makamai, har da ƙaramar igwa, suka auka musu suka cinna wa ginin wuta. Ƙiyasin masana tarihi na baƙaƙen da aka kashe ya kama daga 60 zuwa 150, da yawansu bayan sun ajiye makamai. Farar fata uku ne suka mutu.

Mutum uku kaɗai aka samu da laifi, su ma Kotun Ƙoli ta soke hukuncinsu a 1876 a shari'ar Cruikshank. Kotun ta ce haƙƙin taro da haƙƙin riƙe makami suna kange gwamnatin tarayya ne kawai, gyara na 14 kuma aikin hukumar jiha ya shafa, bai shafi ta'asar ɗaiɗaikun mutane ba. Ma'anar wannan ita ce wanda aka zalunta ya koma ya nemi kariya daga jiharsa, alhali sau da yawa masu zaluncin su ne ke riƙe da jihar. An mai da kura makiyayiya ke nan. Abin lura a nan shi ne mutanen Colfax suna da ƙuri'a, suna kuma da bindiga, amma babu ɗaya da ta cece su.

Bayan da aka janye sojojin tarayya daga harkokin siyasar kudu a 1877, sai aka koma ga dabarun doka. Tsarin mulkin Misisifi na 1890 ya ɗora harajin kai na dala 2 da jarrabawar karatu ko fahimtar tsarin mulki, wadda jami'in rajista ne ke yanke wanda ya ci. Luwiziyana ta bi sahu a 1898. Baƙaƙen fata masu rajista a jihar sun kai 130,334 a 1896, amma a 1904 saura 1,342. Ba a ambaci launin fata a waɗannan dokoki ba, aka bar wa jami'i ya yi sauran aikin.

5.0 Daga Montgomery zuwa Sakaramento

Irin wannan iko na jami'i ya shafi bindiga ma. Bayan an jefa bom a gidan Martin Luther King a Montgomery ranar 30 ga Janairu, 1956, ya nemi izinin riƙe bindiga aka hana shi. Daga baya ya rungumi aƙidar gwagwarmaya ba da makami ba gaba ɗaya. Amma ba kowa ne ya bi shi a kan haka ba. A 1964, a garin Jonesboro na Luwiziyana, wasu mazaje, cikinsu har da tsofaffin sojoji, suka kafa ƙungiyar tsaron kai mai suna Deacons for Defense, suna gadin masu aikin rajistar ƙuri'a da bindigoginsu. Babu shakka sun ceci rayuka, sai dai gadinsu bai buɗe ofishin rajista ba.

Abin da ya buɗe shi doka ce. Ranar 7 ga Maris, 1965, 'yan sanda suka yi wa masu maci kimanin 600, waɗanda ba su ɗauke da makami, dukan kawo wuƙa a kan gadar Selma ta jihar Alabama, duk ƙasa kuwa ta gani a talabijin. Ranar 6 ga Agusta Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar haƙƙin zaɓe. Dokar ta dakatar da jarrabawar karatu a jihohin da abin ya shafa, ta ba da ikon aika jami'an rajista na tarayya, ta kuma wajabta wa jihohin neman yardar tarayya kafin su sauya kowace dokar zaɓe. A Misisifi, baƙaƙen fata masu rajista ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba kafin dokar, amma a 1967 sun kusa kashi 60.

A gefe guda kuma, a birnin Oakland na Kalifoniya, Huey Newton da Bobby Seale sun kafa jam'iyyar Black Panther, watau Baƙar Damisa, a 1966, suna bin 'yan sanda a tituna ɗauke da bindigogi a fili, abin da doka ba ta hana ba a lokacin. Ranar 2 ga Mayu, 1967, kimanin su 30 suka shiga ginin majalisar jihar a Sakaramento da makamansu. Kafin ƙarshen watan Yuli Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a. Dokar tarayya ta ƙayyade cinikin bindigogi kuwa ta zo ne a 1968, bayan kisan King da Robert Kennedy.

6.0 Kammalawa

Kowane ɓangare na muhawarar yana da abin kafa hujja a wannan tarihi. Masu adawa da taƙaita bindiga sukan nuna dokar Misisifi ta 1865, kuma da irin wannan tarihi ne Kotun Ƙoli ta yi hujja a 2010, a ƙarar Otis McDonald, wani dattijo baƙar fata na Shikago, ta ce haƙƙin riƙe makami ya ɗaure jihohi ma. Masu goyon bayan taƙaitawa su kuma sukan nuna cewa bindigogin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane ne suka rushe gwamnatocin da baƙaƙen fata suka zaɓa. Duka biyun suna da gaskiya, amma kowannensu rabin labarin yake faɗa.

A namu ra'ayin, darussa biyu ne suka fito fili. Na farko, dokar da ta bar wa jami'i ikon zaɓen wanda zai ba izini, ko na ƙuri'a ko na bindiga, takan zama makamin mai rinjaye a kan mai rauni, ko da kalmominta ba su nuna wariya ba. Na biyu, lokutan da baƙaƙen fata suka ci moriyar haƙƙinsu, watau shekarun farko na 1870 da kuma bayan 1965, su ne lokutan da tarayya ta sa ido a kan jihohi. Saboda haka ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 a ƙarar gundumar Shelby, wanda ya soke ma'aunin tantance jihohin da za su nemi yardar tarayya, ya cancanci nazari mai zurfi. Cikin shekara uku kotu ɗaya ta faɗaɗa kariyar bindiga ta kuma sassauta kariyar ƙuri'a. Muna fata mahalarta wannan taro za su auna wannan da ma'aunin abin da ya faru a Colfax.