Takardun da Yahudawan Masar suka ƙi zubarwa

A Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alƙahira, akwai wurin ibadar Yahudawa mai suna Ben Ezra. Kamar mu, su ma ba sa jefa takarda mai sunan Allah a juji, sai su tura ta wani ɗaki da suke kira geniza. Kusan shekara 1,000 ana ta tarawa.

A ƙarshen 1896 wani masaninsu na Jami'ar Kambirij, Solomon Schechter, ya iso da wasiƙar babban malamin Yahudawan Ingila, Hermann Adler, zuwa ga takwaransa na Alƙahira. Da ita aka karɓe shi hannu bibbiyu, aka ce ya ɗebi abin da yake so. To, ya ɗiba kuwa! Guntayen takardu wajen 193,000, suna ɗakin karatun jami'ar har yau.

Ciki akwai rubutun hannun babban malaminsu Musa bin Maimun, da wasiƙun fatake masu zuwa Indiya, ana lissafin bashi da farashin barkono, Larabci ne da haruffan Ibrananci, kamar ajaminmu.

Ni dai ban iya kiran wannan kyauta da baki ɗaya ba. An ba shi izini, gaskiya ne, amma lokacin Masar tana hannun Turawan Ingila, Lord Cromer ne mai faɗa a ji.