Yadda Doka Ta Shiga Ɗakin Tsofaffi a Ingila

Har ƙarshen shekarun 1980, ƙananan hukumomin Ingila ne ke tura ma'aikatansu gidajen tsofaffi da naƙasassu, su yi shara, su ɗora girki. Wata doka ta 1990, wadda ta kankama a 1993, ta sa suka koma sayen wannan hidima daga kamfanoni masu zaman kansu. Sai a 2003 aka wajabta wa kamfanonin rajista. Shekara goma ke nan baƙo yana shiga ɗakin tsohuwa, ya taimaka mata da wanka da shan magani, babu wani mizani na ƙasa a kansa. Wannan jinkiri sakaci ne babba.

Masu suka na cewa rajista takarda ce kawai, kuma takarda ba ta ciyar da kowa. Suna da hujja: binciken hukumar daidaito da haƙƙin ɗan Adam na 2011 ya gano ziyarar minti 15, da tsofaffin da ba a taimaka musu su ci abinci yadda ya kamata. Amma sa ido ne ya tono wannan ɓarna, kuma a 2015 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, ta ba da shawarar kada ziyara ta gaza rabin awa sai da sharuɗɗa.