Motar Wayar Iska ta Yaƙin Hitila: Abin da Ke Cikin Ɗakin Baya

Tsakanin shekarar 1939 da 1945, masana'antar Vauxhall da ke garin Luton a Ingila ta ƙera wa sojan Birtaniya ƙananan motoci kirar Bedford MW kimanin dubu 66. Yawancinsu na jigilar kaya da sojoji ne, wasu na dakon ruwa. Akwai kuma wani kaso da aka yi wa laƙabi da MWR, waɗanda aka mayar da bayansu ɗakin wayar iska mai tafiya. A yau masu sha'awar tsofaffin motocin soja a Turai suna neman irin waɗannan ruwa a jallo, kuma abin da ya fi ba su wahala wajen farfaɗo da su yana cikin ɗakin bayan nan. Injin mai silinda shida ba ya gagarar ƙwararren bakanike. Kowane tsohon gareji a Birnin Kebbi ko Argungu da ya taɓa hulɗa da manyan Bedford na 'yan kasuwa zai gane kansa. Teburi da akwatuna da maƙalai da wayoyin ciki kuwa, su ne aka fara ɓamɓarewa da yaƙi ya ƙare, domin wanda ya sayi motar a gwanjo fili yake so na zuba buhuna.

A bayan mazaunin direba akwai teburin katako da aka gicciye, a kansa aka ɗaure na'urar bisa ƙafafun roba don kada girgizar hanya ta fasa kwalaben cikinta. Wadda ta fi shahara ita ce mai lamba 19, da kamfanin Pye na Kambirij ya tsara, ta shiga aiki a 1941. Akwati ɗaya ne mai ayyuka uku: ɓangaren magana da nesa a kan zango 2 zuwa 8 na megahaz, ɓangaren magana da motocin da ke kusa, da kuma layin da mutanen cikin mota ke jin juna. Da gajeriyar eriya ta sanda, murya takan kai mil goma. Idan aka koma buga saƙo da maɓallin Mos, yakan zarce haka. A gefenta akwai wani akwati mai injin juyi da ke ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa 275 da kuma 500, da wani gwangwani da ake murɗawa don daidaita eriya. Ƙarƙashin teburi manyan batura ne a cikin akwatunan katako. Akwai allon caji a bango, da ƙaramin janareta da ake saukewa ƙasa a tayar, da ma'ajiyar sandunan eriya, da akwatin kwalaben canji. Hatta filogogin injin motar an lulluɓe wayoyinsu, an kuma haɗa sassan jikinta da igiyoyin tagulla, saboda tartsatsin inji kada ya cika kunnen mai saurare da ƙara.

Wannan ne ya sa aikin gyaran ya fi kama da binciken tarihi. Mai gyara yakan kankare fenti a hankali yana neman tsofaffin hujojin noti a daɓen motar, domin su ne shaidar inda kowane maƙali ya zauna. Yakan auna su da zane-zanen littattafan soja, da hotunan Gidan Tarihin Rundunar Sadarwa da ke Blandford a Ingila, da kundayen Louis Meulstee, ɗan ƙasar Holan da ya tattara bayanan na'urorin sadarwar sojan Birtaniya ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta na'urar ba a jona mata wuta kai tsaye. Robar da ke jikin wayoyi ta bushe ta farfashe, man injin juyin ya daskare, ƙananan ma'ajiyan wuta na takarda sun sha danshi suna yoyo. Akwai ma haɗarin da ido ba ya gani: rubutu da allurar mita na da yawa daga cikinsu an shafa musu fenti mai sinadarin radiyom don su yi haske da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma sinadarin yana buƙatar shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, don haka ba a kankare shi, ba a kuma shaƙar ƙurarsa. Wani abin da kan ba baƙo mamaki shi ne ganin haruffan Rasha a fuskar waɗanda aka ƙera a Kanada da Amurka. An yi haka ne domin ana aika wasunsu ga Tarayyar Sobiyat.

Mai karatu a Gesse zai iya tambayar ina ruwansa da abin shaƙatawar Turawa. Ruwansa shi ne, kakanninsa sun yi yaƙin da aka ƙera motar dominsa. Rundunar Nijeriya ta ƙarƙashin mulkin mallaka ta dogara ƙwarai da mutanen Arewa, Hausa ce harshen bariki, kuma ƙasar Zuru da ke jihar Kebbi a yau ta yi suna wajen ba da sojoji tun wancan zamani. A ranar 25 ga Fabrairu 1941 Birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu bayan ta fatattaki Italiyawa. Daga nan ta hau motoci ta nufi Habasha, ta ci mil 744 cikin kwana 17 ta isa Jijiga, sannan ta fasa mashigin Marda ta wuce Harar. Ayari mai irin wannan gudu ba ya riƙuwa da 'yan aike ko wayar da ake ja a ƙasa. Wayar iska da ke cikin mota ce ke haɗa goshin tafiya da hedikwata, ko da yake a lokacin na'urorin da suka gabaci lamba 19 ne ke hannun sojoji.

A Bama labarin ya juye, kuma nan ne ya fi cancanta a tsaya. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, ta fara shiga kwarin Kaladan a ƙarshen 1943. Ƙasa ce ta duwatsu da gora da rafuka, babu hanyar mota sai siririyar da sojojin suka sare da hannu don ƙananan motocin jif. Abinci da harsashi daga sama jirage ke jefo su, wanda ke nufin idan wayar iska ta yi shiru, yunwa ta zo. To duk abin da ke cikin ɗakin bayan motar nan, wato na'ura da batura da janareta da man fetur ɗinsa da sandunan eriya, sai aka rarraba shi kaya-kaya aka ɗora a kan mutane. Rundunar tana da rukunoni na musamman na sojojin dako, yawancinsu ba su riƙe da bindiga, sai adda. Abin da injin silinda shida ke ja a Somaliya, wuyan ɗan adam ne ya ɗauke shi a Arakan. Kujerar mai buga saƙo kuwa tana buƙatar karatun boko da Turanci, saboda haka galibi ta faɗa hannun Turawa da 'yan Kudu da suka yi makarantar mishan, ɗan Arewa ya fi yawa a riƙon bindiga da ɗaukar batir. Wannan rabon aiki bai ƙare da yaƙin ba. Inuwarsa ta biyo sojan Nijeriya har bayan samun 'yancin kai.

Abin da ƙasar ta adana daga wannan zamani sunaye ne. Akwai barikin Chindit a Zariya, don tunawa da bataliyoyin Nijeriya uku da suka shiga bayan layin Japanawa a 1944. Akwai Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Myohaung da Arakan a Legas, da Mogadishu a Abuja. Matashin da ke wucewa ta ƙofarsu da wuya ya san garuruwa da koguna da yankuna ne na wasu ƙasashe. Kayan aikin kuwa sun bi hanyar gwanjo, daga nan zuwa hannun 'yan gwangwan. Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia ya riƙe ramin da Muryar Biyafara ta yi watsa shirye-shirye da motocin sulke na yaƙin basasa, amma yawancin manyan kayansa a fili suke, ruwa da rana na cin su.

Kwarin Rima ba baƙo ba ne ga adana kayan yaƙi. Gidan Tarihin Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831 aka kuma buɗe ta ga jama'a a 1958, ya tara masu da takubba da bindigogin gargajiya da tamburan Kabawa, kuma ana kula da su domin masarauta na kallonsu a matsayin nata. Yaƙin Bama bai samu mai irin wannan kishi ba, watakila don yaƙin Bature ne, 'yan mazan jiyan da suka yi shi kuma sun kusa ƙarewa. Da wata hukuma za ta sayo gangar Bedford guda ta kawo Birnin Kebbi, walda da aikin kafinta da naɗin waya ba za su gagara ba a garin. Gara da ƙurar hunturu ne za a yi wa tanadi, da rumfa mai rufi. Sai dai idan aka gyara ta tsaf kamar yadda ake yi a Ingila, aka goge teburi aka jera kwalabe, rabin labarin kawai za ta bayar. A gefenta ya kamata a ajiye batir ɗaya a akwatinsa na katako, da gammo, da adda, a kuma bar mai ziyara ya gwada ɗaga akwatin zuwa kansa.