Kiɗan Fada da Yara a Ranar Salla a Ƙasar Zamfara



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba yadda kiɗan fada ya riƙa isa kunnen yara a yammacin Zamfara, wato ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, har zuwa ƙauyuka irin su Gwashi.

Kiɗan fada daɗaɗɗen abu ne. Tarihin Kano ya nuna an fara busa kakaki a can zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). A Zamfara kuwa, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, gidan sarauta ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka. Gari ya faɗi, amma kirarin sarakunansa bai faɗi ba, domin makaɗa sun riƙe shi a ka.

To, yaya ɗan talaka yake jin wannan kiɗa, alhali na sarki ne? Amsa ita ce ranar Salla. Ran nan uba kan riƙo hannun ɗansa daga idi zuwa ƙofar fada, a ji tambari da algaita da kotso, makaɗi yana jero sunayen sarakuna ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar 'yan mata su fita gaɗa, samari su shiga langa. Yaro ya koma gida da tarihin ƙasarsa ba tare da ya buɗe littafi ba.

'Ya'yan makaɗa kuwa nan ce makarantarsu. Alal misali, Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, tun yana yaro ya fara amshi a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, daga baya ya bi wansa Abdu Kurna.

Amma fa wannan gado yana buƙatar fili da kwanciyar hankali. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sa'an nan ta'asar 'yan bindiga ta biyo baya, ta watsa garuruwa da dama. Inda dandali ya mutu, wa zai koya wa yaro amshi?

Saboda haka nake kira ga ɗalibai da su ɗauki muryoyin tsofaffin makaɗa tun suna raye, ma'aikata kuma su buɗe musu ƙofofin makarantun firamare. Da ma an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wassalam.