Madannin Ɗuri: Daga Jikin Libarba Zuwa Teburin Gareji

Duk wanda ya shiga filin harbi na masu libarbar albarushi a Amurka, ya tsaya ya dubi teburin da ke bayan layin harbi, zai lura da wani abu. Bindigogin kusan duk uwa ɗaya uba ɗaya suke, yawancinsu daga lardin Brescia na arewacin Italiya suka fito, ko na kamfanin Uberti ko na Pietta. Amma kayan da ake ɗura su da shi, kowa da irin nasa. Wannan ya yanko katakon tsohon gado ya kafa masa ƙarfe, wancan ya sayo abin rufe murfin kwalba ya canza masa baki, wani dattijon da ya yi ritaya daga aikin injin sassaƙa ƙarfe kuma ya zo da nasa yana ƙyalli. Mu da muka daɗe a wannan sha'awa, da madanninsa muke gane mutum.

Ga wanda bai san irin bindigar ba, libarba ce ta zamanin da harsashi mai kwanso bai yaɗu ba. Silindarta na da rami biyar ko shida. A kowane rami ana zuba albarushi ta gaba, a ɗora dunƙulen dalma, a danna shi ciki, sannan daga baya a sa wata 'yar hular jan ƙarfe a kan nonon da ke bayan ramin, wadda guduma za ta buga ta ba da wuta. Wanda ya taɓa ganin 'yan bindigar sarki suna ɗura bindigar toka ranar hawan sallah ya san rabin aikin. Sauran rabin shi ne dannawa, kuma nan wahalar take. Da gangan ake yin dunƙulen ya ɗara ramin faɗi: bindigar da ake kira .44 yawanci dalma mai faɗin inci 0.454 ake sa mata, ta yadda in an danna, bakin ramin zai yanke wani siririn zobe na dalma ya bar shi a waje. Wannan zoben shi ne shaidar cewa ramin ya toshe ruf, wuta ba za ta tsallaka daga wani rami zuwa wani ba. Babban yatsa ba ya wannan aiki. Dole sai da sanda mai ƙarfi.

Libarbar farko da Samuel Colt ya fitar a garin Paterson na jihar New Jersey, bayan ya samu rajistar ƙirarsa a 1836, ba ta da sandar ɗuri a jikinta ko kaɗan. In za a ɗura, sai a zare ƙusar da ke riƙe bututu, a cire bututun, a kawo gidan albarushi mai baki biyar ya zuba wa ramuka biyar a lokaci guda. Daga nan a ɗauko wani ƙarfe dabam, a maƙala ƙugiyarsa a ramin ƙusar da aka zare, a riƙa danna dalma ɗaya bayan ɗaya. A kan tebur wannan ba komai ba ne. A kan doki kuwa, mutum na riƙe da bututu da ƙusa da madanni, in ɗaya ya faɗi cikin ciyawa shi ke nan. A 1839 aka fara liƙa sandar a jikin bindigar, amma hakan bai ceci kamfanin ba, ya durƙushe a 1842.

Waɗanda suka raya sunan Colt su ne mahayan Texas da suka yi faɗa da ƙabilar Comanche da waɗannan bindigogi a 1844 ƙarƙashin Jack Hays. Ɗaya daga cikinsu, Samuel Walker, shi ya zauna da Colt suka tsara babbar libarbar 1847 saboda yaƙin Meksiko. Guda 1,100 aka ƙera, kowace ta kai kilo biyu, kowane rami na iya cin albarushi giren 60. Sandar ɗurinta wani ɗan sifirin ne kawai yake riƙe ta a ƙarƙashin bututu. Da an harba, girgizar sai ta sako ta, bakinta ya faɗa cikin rami, silinda ta ƙi juyawa. Sojoji suka riƙa ɗaure ta da tsirkiyar fata. Har yau duk mai kwafin Walker a cikinmu za ka ga fatar nan a bututunsa, kuma ba ado ba ne. Ƙirar Dragoon ta 1848 ta zo da maƙalli a kan sandar. Daga baya Elisha Root, injiniyan Colt, ya fito da sanda mai haƙora wadda ke tura dalma a hankali da ƙarfi iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ita ce a jikin Army ta 1860, wadda aka ƙera fiye da 200,000. A ganina ba a taɓa liƙa wa libarba sandar da ta fi ta ba.

To amma a tuna don wa aka yi ta. Sojan yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, ɗaurin takarda ake ba shi, shida a fakiti, albarushi da dalma a haɗe. Ya ɗura sau ɗaya, wataƙila ya yi mako bai harba ba. Labarin da ake yi na sojoji masu yawo da silinda biyu uku a aljihu suna canzawa, fim ne ya fi yaɗa shi, musamman bayan an ga Clint Eastwood yana yi da libarbar Remington a fim ɗin Pale Rider na 1985. Da rajistar ƙirar Rollin White ta silinda mai huji har baya ta ƙare a 1869, kowa ya samu damar huda silinda har baya ya sa harsashi mai kwanso, kuma zuwan libarbar Single Action Army mai cin irin wannan harsashi a 1873 ya rufe babin. Bindigogin suka koma akwati da bangon ɗaki.

Ilimin ɗurin bai mutu gaba ɗaya ba. Elmer Keith ya koya a hannun tsofaffin sojojin yaƙin basasa a jihar Montana tun yana yaro, kuma a littafinsa Sixguns na 1955 ya bayyana dabarar yanko ulu daga tsohuwar malafa, a jiƙa da kitse da kakin zuma, a sa tsakanin albarushi da dalma. Ƙungiyar masu bindigar ɗuri ta baki, NMLRA, wadda aka kafa a 1933, tana tara mutane a garin Friendship na jihar Indiana. Masu kwaikwayon harbin yaƙin basasa suka fara nasu a 1950. Turner Kirkland ya buɗe Dixie Gun Works a jihar Tennessee yana sayar da kayan gyara ta gidan waya. Sai dai duk wannan da bindigogin asali ake yi, kuma kowace harba tana rage musu daraja.

Abin da ya canza komai shi ne tafiyar Val Forgett, mai kamfanin Navy Arms, zuwa Italiya a ƙarshen shekarun 1950, ana gab da cika shekara 100 da yaƙin basasa. A kwarin Val Trompia ya samu maƙera da suka yarda su kwafi libarbar Colt Navy ta 1851. Aldo Uberti ya kafa kamfaninsa a 1959, Pietta ya biyo a 1963. Finafinan kaboyi na Italiya suka ƙara wa abin wuta. A 1972 Ruger ya fito da Old Army, mai cin dalma 0.457, mai ƙarfin da babu na da can da ya kama ƙafarta. Doka ma ta taimaka: dokar tarayyar Amurka ta 1968 ba ta lissafa irin waɗannan kwafi cikin bindigogin zamani ba, a Faransa baligi na iya saya, a Birtaniya kuma da aka haramta ƙananan bindigogi a 1997 an bar masu lasisi da na ɗuri ta baki.

Nan ne matsalar ta fito fili. Mai sha'awa na iya ɗura a yini guda abin da soja bai ɗura ba a shekara. Sukurun sanda suka fara lanƙwashewa. Masu narka dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota, wadda ta fi tsantsar dalma tauri, suka riƙa karya sandar ɗungum. Ƙirar Colt kuma ba ta da ƙarfe a saman silinda, komai yana rataye ne a kan sandar tsakiya da 'yar ƙusar nan, saboda haka kowace danna tana tura silinda baya tana jan bututu gaba. In jikin bindigar na tagulla ne, kamar masu arahar da suka cika kasuwa, a hankali sai sandar tsakiya ta fara rawa. Ga kuma masu gajeren bututu, waɗanda sandarsu ba ta wuce tsawon yatsa ba. Mai irin wannan tafin hannunsa ne ke biyan kuɗin. Maganin farko da kowa ya gano shi ne zura guntun bututun ƙarfe a kan sandar don ta ƙara tsawo, wanda ya sauƙaƙa wa hannu ya ƙara wa sukuru azaba.

Madannin gida iri biyu ne ya samu karɓuwa. Na farko mazauni ne kawai: katako a kwance, wani a tsaye da gurbin da bindiga ke zama bakinta sama, hannu biyu su samu sarari. Da zarto da ƙusoshi ake gama shi kafin la'asar, amma har yanzu sandar bindigar ce ke aikin. Na biyu shi ne wanda ya raba gardama. Ana cire silinda gaba ɗaya a zaunar da ita a kan wata sandar ƙarfe da aka kafa a gindi, mai kauri daidai da ramin tsakiyarta. A gefe akwai ginshiƙi, a kansa doguwar sanda mai lanƙwasowa, a jikinta kuma ɗan turmin da ke sauka cikin rami. Masu Remington su suka fi jin daɗinsa, domin silindarsu da an sauke sanda an ja fil take faɗowa. Mai Colt sai ya zare ƙusa ya cire bututu kowane zagaye.

Ƙananan abubuwa ne ke raba na gwani da na ɗan koyo. Bakin turmin dole a kwarkwashe shi ya dace da zagayen dalma, in ba haka ba zai daɓe mata goshi. Mutane da yawa tagulla suke zaɓa, don ba ta ƙyasta wuta kuma ba ta cin bakin rami. Gindin da silinda ke zama a kai ana rarake shi yadda nonna da haƙoran baya ba za su ɗauki nauyin dannawa ba. Na taɓa ganin wani ya zaunar da tasa a kan farantin ƙarfe shafal, kafin wata ya ƙare haƙoran sun daɓe, silinda ta daina tsayawa daidai da bututu. Turmin kuma ya sauka a miƙe. In sandar gajera ce, turmin na shiga a karkace, sai ka ga zoben dalma ya yi kauri a gefe guda ya katse a ɗaya gefen. Tsofaffinmu zoben suke ɗauka su duba kafin su ce komai a kan madannin mutum.

Wanda ya fara sa noti a jikin turmi don ya tsayar da shi a zurfi ɗaya, ko wane ne shi, ya yi wa masu gasa babban aiki. A gasar duniya ta ƙungiyar masu bindigar ɗuri ta baki, MLAIC, wadda aka kafa a 1971, ajin Mariette na kwafin libarba ne: mita 25, harbi 13 cikin minti 30, a lissafa 10 mafi kyau. Masu wannan gasa albarushi kaɗan suke zubawa, su cike gurbin da garin semolina ko na masara don dalma ta zauna kusa da bakin rami. Rami shida su samu matsi ɗaya da zurfi ɗaya, shi ne abin da hannu a kan sandar bindiga ba ya iya tabbatarwa. Sai dai notin nan na da haɗari ga wanda bai fahimce shi ba. In ya rage albarushi bai matsar da noti ba, dalma za ta tsaya sama ta bar iska a ƙarƙashinta, kuma a wannan harka ba a barin sarari tsakanin albarushi da dalma.

Akwai masu ƙyamar abin gaba ɗaya. Su a wurinsu, in ka cire silinda ka kai ta kan inji, ka bar abin da ya kawo ka, gara ka sayi bindigar zamani ka huta. Ina ganin girmansu, musamman masu sa kayan soja suna bin yadda aka yi a 1863 daki-daki. Amma hujjar tarihi ba ta tare da su kamar yadda suke zato, tunda Colt ɗin farko ma da ƙarfe na dabam aka ɗura shi. Kuma yawancin masu madanni a filayenmu mutane ne da suka manyanta, gaɓoɓin hannu sun fara ciwo. Ba don katakon nan da doguwar sanda ba, da sun daɗe da rataye bindiga.

Yanzu ana sayar da na kamfani, wasu masu kyau, wasu na gwangwanin da ke lanƙwashewa tun ranar farko. Duk da haka garejin bai rufe ba, domin kaurin sandar tsakiya ta Colt da ta Remington da ta Ruger ba ɗaya ba ne, har tsakanin Uberti da Pietta ana samun ɗan bambanci. Ruger ma ya daina ƙera Old Army a 2008, kayan gyaranta na ƙara wuya, mai ita kuma ba ya son ya wahalar da sandarta.

Ga sabon shiga da ke shirin yin nasa, abu ɗaya ne ba ma sassauci a kai, kuma a gasar kaboyi ta SASS ma haka dokar take: hula ita ce ta ƙarshe. Silinda mai albarushi da dalma da hula, in ta faɗi daga tebur, tana iya tashi ba tare da bindiga ba, kuma ba wanda ya san inda dalmar za ta nufa. A zuba albarushi daga ma'auni, kada daga bakin gidansa kai tsaye. Kada albarushin zamani marar hayaƙi ya kusanci teburin. A danna, a duba zobe, a mayar da silinda jikin bindiga, a juya bakinta wajen da ake harbi, sannan a sa hula.