Kafin a wanke waya: yadda ake neman matsala a kundin tangarɗar manhaja

Tun da muka fara sa labarai a wanga shafi, ƙorafi guda ne ke yawan dawo mana: wani ya buɗe labari sai ya ga ƴan akwatuna a wurin ƙ da ɗ, wani kuma manhajarsa ce ke rufe kanta da zarar ya taɓa ta. Kwanan baya wani dattijo daga wani ƙauye na gundumar Gazawa ya zo mana da tasa wayar. Akwatunan nan ne suka dame shi, ya kai ta kasuwa aka wanke ta tas, ya biya kuɗi. Saƙonnin murya na ɗansa da ke ci-rani duk sun tafi, akwatuna kuwa suna nan daram. Da an yi ɗan bincike tun farko, da an gane wankin ba zai yi magani ba. Shi ya sa muka haɗa wanga bayani, ku ajiye shi don ranar buƙata.

Mece ce tangarɗar manhaja

Manhaja ita ce tsarin umarnin da ke sa waya ko kwamfuta ta yi aiki, kamar WhatsApp, Firefox, ko allon rubutu. Mutane ne ke rubuta ta, kuma ɗan Adam ajizi ne. Kuskuren da ya shige cikin rubutun shi ne tangarɗa. Turawan Ingilishi na ce mata bug, wato ƙwaro, Faransawa kuma bogue. Kalmar tsohuwa ce, don Thomas Edison ya yi amfani da ita tun 1878. Amma labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na ranar 9 ga Satumba 1947, lokacin da ma'aikatan wata babbar na'ura mai suna Mark II a jami'ar Harvard ta Amurka suka tarar da ƙwaron fitila ya maƙale a cikinta. Suka ciro shi, suka manna a littafin aikinsu, suka rubuta lokaci. Littafin yana ajiye a wani gidan tarihi a Washinton.

Kundin da ake rubuta su

Duk wanda ya taɓa zuwa likita ya san babban rajistan nan da ake rubuta maras lafiya: lamba, suna, abin da ke damunsa, maganin da aka ba shi, da yadda ya ƙare. Masu yin manhaja ma suna da irinsa a intanet. Kowace tangarɗa tana da lambarta, da kanu, da bayanin wanda ya kawo ta, da muhawarar masu gyara a ƙasa, da matsayin da take ciki, ko tana buɗe ko an rufe ta. Manhajojin da ake yi a fili, waɗanda kowa ke iya ganin rubutunsu, kundinsu ma a buɗe yake. Karantawa kyauta ce in ban da kuɗin mega, kuma galibi ba sai ka buɗe asusu ba. Asusu sai in za ka yi rubutu.

Wace manhaja, wane kundi

Nan ne da yawa ke ɓata hanya, don kowane gida da nasa kundin.

Firefox tana Bugzilla, a bugzilla.mozilla.org. Terry Weissman ne ya rubuta Bugzilla, aka sake ta ga jama'a a 1998, tana cikin tsofaffin kundayen da har yanzu ke aiki.

Wikipedia, har da ta Hausa, tana Phabricator, a phabricator.wikimedia.org, tun Nuwamba 2014. Can kowace matsala na farawa da harafin T sannan lamba. Amma in fassarar wani maɓalli ce ta Hausa ba ta yi daidai ba, a translatewiki.net ake gyara ta.

ODK Collect da KoboCollect, waɗanda matasanmu masu aikin ƙidaya da bincike na ƙungiyoyi ke cika takardun tambaya da su a waya, suna GitHub, ƙarƙashin sashen Issues. Haruffan Noto na Google ma can suke.

DHIS2, wadda ma'aikatar lafiya ta Nijar ke tattara alƙaluman likitoci da ita, jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ce ke kula da ita, kuma kundinta yana kan Jira. Ma'aikacin likita dai ya fara da mai kula da alƙaluma na gundumarsa, don sau da yawa matsalar daga saitin ƙasa take.

WhatsApp da Facebook kuwa ba su da kundin da talaka zai shiga ya bincika. Sai dai a duba shafinsu na taimako, a aika ƙorafi ta cikin manhajar. Matsalar aika kuɗi ma ba a neman ta a irin waɗannan wurare. A ɗauki rasit a tafi ofishinsu.

Kafin a fara nema

Ba kowace matsala ce tangarɗar manhaja ba. A fara da masu sauƙi: akwai rezo? Mega bai ƙare ba? Ma'ajiyar waya ba ta cika ba? Kwanan wata da agogon wayar daidai suke? An kashe an kunna? In da hali a gwada abin a wayar maƙwabci. In tasa ma ta yi haka, to zargi ya koma kan manhaja.

Sannan a rubuta abu huɗu a takarda: sunan manhajar, lambar zubinta wadda ake samu a saituna, irin wayar da lambar Android ɗinta, da ainihin saƙon da ya fito a fuska, harafi da harafi. A ɗauki hoton fuskar wayar ma. Da yawanmu wayoyinmu da Faransanci suke, alhali kusan dukkan kundayen nan da Ingilishi ake rubuta su. Dabarar ita ce a juya harshen wayar zuwa Ingilishi na ɗan lokaci, a sake jawo matsalar, a kwafe saƙon yadda ya fito, sannan a mayar.

Yadda ake nema

Na farko, a taƙaita kalmomi. Biyu ko uku sun isa. Wanda ya zuba dogon jimla cikin akwatin nema ba zai samu komi ba, don na'urar kalmomi take dubawa, ba ta jin labari. Sunan abin da ya lalace da abin da ya yi, shi ke nan. Misali Hausa keyboard in allon rubutu ne, ko crash in manhajar rufe kanta take yi.

Na biyu, in akwai saƙon kuskure, a sa shi tsakanin alamun zance guda biyu, don a nemo shi a jere yadda yake. Amma a cire abin da ya shafe ka kai kaɗai, kamar lambar waya, sunan fayil ko kwanan wata, tun da na wani ba zai zo daidai da naka ba.

Na uku, kuma wannan shi ne wanda aka fi mantawa: a duba har da waɗanda aka rufe. Yawancin kundaye buɗaɗɗun matsaloli kaɗai suke nunawa da farko, alhali amsar da kake nema sau da yawa tana cikin rufaffu, don an riga an gyara. A GitHub, cikin akwatin nema za ka tarar an riga an rubuta is:open ko state:open, sai ka goge shi. A Bugzilla, ka fara da kalmar ALL da manyan haruffa kafin kalmominka. A Phabricator, ka shiga babban nema ka bar wurin matsayi ba tare da zaɓi ba.

Na huɗu, in ba a samu ba a canza kalma. Abin da kai ka kira akwati, wani square ya rubuta, wani box, wani kuma tofu. In sakamako ya yi yawa, a jera shi daga na baya-bayan nan, a kuma duba ko lambar zubin da ake magana a kai ta yi kusa da taka. Ƙorafin shekara goma da ta wuce ba lalle ya shafi wayar bana ba.

Yadda ake karanta matsayi

Kalmomi kaɗan ne ke maimaituwa, in ka san su ka huta. Open ko NEW na nufin an san da ita, ba a gama ba. ASSIGNED, wani ya ɗauki aikin. FIXED ko Resolved, an gyara, sai ka duba a wane zubi gyaran ya shiga, ka sabunta manhajarka, abin da masu gyara a kasuwa ke ce ma mizajur. DUPLICATE, wani ya riga ya kawo ta, kuma akwai lambar ta asalin a wurin, ita za ka bi. WONTFIX, Declined ko not planned, sun gani amma ba za su gyara ba, kuma galibi sukan faɗi dalili. WORKSFORME, sun gwada a wurinsu ba su ga matsalar ba. Kada a tsaya a kanu. A sauka cikin muhawarar a nemi kalmar workaround, wato dabarar da za a lallaɓa da ita kafin gyara ya iso.

Misali daga gida: haruffa masu lanƙwasa

Mu koma ga akwatunan dattijon nan. Kusan kowane harafi na duniya yana da lambarsa a tsarin da ake kira Unicode. Ta ɓ ita ce U+0253, ta ɗ U+0257, ta ƙ U+0199, ta ƴ kuma U+01B4. Idan waya ta karɓi lambar amma salon haruffan da ke cikinta ba shi da zanen harafin, sai ta sa akwati. Saƙon lafiyarsa lau, tura shi wata waya za ka ga ya fito daidai. To ka ga wanki ba zai ƙara zanen da babu shi tun asali ba. Abin da ke taimakawa shi ne canza salon haruffa a saituna in wayar ta yarda, ko sabunta ta, ko buɗe shafin da wata manhajar shiga intanet. Sunan Noto ma daga nan ya samo asali, wato ba sauran tofu, don Google ta yi su ne da nufin kawar da akwatunan.

Wajen nema, da Ingilishi ana ce ma haruffan k with hook, d with hook, haka har sauran. Ana iya manna harafin kansa ko lambarsa cikin akwatin nema. A kuma san alamar harshenmu: ha ita ce Hausa, ha-NE Hausar Nijar, ha-NG ta Najeriya. Bambancin yana da amfani, don ƙa'idar rubutun da ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar a 1999 da ƴ take aiki, ƴan'uwanmu na Najeriya kuwa 'y suke rubutawa. Allon rubutun da aka yi da Najeriya kaɗai a zuciya yana iya fitowa ba tare da ƴ ba. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardun da za a riƙa bugawa da ita ƙaruwa za su yi, kuma irin wanga giɓi sai mun faɗa za a san da shi.

In an samu, in kuma ba a samu ba

In ka tarar wani ya riga ka, kada ka buɗe sabuwa, aiki kake ƙara ma masu gyara, waɗanda da yawansu ƴan sa-kai ne. Ka danna alamar goyon baya ko ka yi rajistar bin ta don a sanar da kai. Ka yi rubutu kawai in kana da sabon abu, kamar irin wayar da ba a ambata ba.

In ka juya kalmomi sau uku ko huɗu, buɗaɗɗu da rufaffu, ba ka ga komi ba, to ka shigar da taka. Matsala guda a takarda guda. Ka faɗi abin da ka danna ɗaya bayan ɗaya, abin da ka zaci zai faru, da abin da ya faru, tare da lambobin nan da ka rubuta tun farko. Ingilishi mai sauƙi ya wadatar, ba a jarrabawa ake ba.

A yi hattara: duk abin da aka sa a kundin nan duniya ce ke gani, kuma yana daɗewa. A rufe lambobin waya, sunayen mutane da hotunan iyali kafin a ɗora hoton fuska. Masu aikin likita da masu ƙidaya, kada sunan maras lafiya ko na magidanci ya fita. Kuma babu mai gyara na gaskiya da zai tambaye ka lambar sirri ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Wanda ya tambaya ɓarawo ne.

Ga ƴan'uwa na waje

Kun fi mu rezo, da yawanku kuma kuna jin Ingilishi. In tsoho ya kira ya ce waya ta rikice, kafin ku ce a kai kasuwa ko ku aiko kuɗin sabuwa, ku sa yaro ya turo maku hoton fuskar da lambar zubi, ku yi neman daga can. In kuma wankin ya zama dole, a kwashe hotuna, lambobi da saƙonnin murya a kati ko wata waya tukuna. Masu gyaran waya na kasuwanninmu ma muna roƙonku ku riƙa dubawa kafin ku share, ku kuma gaya ma mai waya abin da zai rasa. Wanda ya ci karo da kalmar da ba mu kawo nan ba, ya aiko mana ita yadda ta fito, za mu ƙara ta cikin wanga shafi. Allah ya sa mu dace.